Masu Karatun Baba

Shafi na 17

Masu turo min "ina ci gaba" tun kafin in wanke fuska, ga shi nan, ku sarara min haka. Masu zagin Auta kuma ku rage hannu, don yau ita da kanta ta zagi kanta fiye da yadda za ku iya.

*

"Zauna, Auta."

Ban zauna ba. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin aikin Baba riƙe da kofin shayinsa, ina kallon Yaya. Me ya kawo Yaya gidan nan da safiyar Lahadi? Mutumin da sai an yi masa waya uku kafin ya leƙo mu, shi ne zaune a kujerar masu kawo gyara, ya harɗe hannu a ƙirji, gaisuwata ma da ka ya amsa.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Na ce ki zauna," in ji Baba. "Ajiye shayin can, kada ya zube min a kan aiki."

Na ajiye. Na jawo ƙaramar kujera na ɗosana.

Teburin yana nan yadda na san shi tun ina rarrafe. Fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙananan sukudireba a jere daga babba zuwa ƙarami, gilashin da Baba ke maƙalawa a ido, da agogunan mutane kowanne da 'yar takarda a ɗaure. Abu ɗaya ne ya canza. An ture komai gefe, an buɗe kwamfuta a tsakiya, kuma ba ni na buɗe ta ba.

Shekara arba'in Baba yana gyaran agogo, shekara goma sha biyu yana rubutu. Yaya ne ya buɗe masa bulog, wato shafin rubutu a intanet, tun yana ɗalibi, suka sa masa suna Teburin Mai Agogo. Duk Asabar rubutu ɗaya, dogo, a kan agogo da masu agogo da halin ɗan Adam. A da, wallahi, sharhi sittin ake yi a ƙarƙashin rubutu guda, mutane na musu da juna har Laraba. Sai kafafen sada zumunta suka yi ƙarfi, kowa ya kwashi tabarmarsa ya koma can. Sittin ta zama ashirin, ashirin ta zama biyar, biyar ta zama shiru.

Ni ce nake buga masa rubutun daga littafinsa zuwa kwamfuta. Ni na ga ranar da ya buɗe shafin sau tara bai tarar da kowa ba. Daga ranar na fara abin da na fara.

Masu karatu uku suka rage wa Baba: Tsohon Direba, Malamar Firamare da Mai Ɗinki. Shekara uku ke nan ba sa fashi. Kuma dukkansu ni ce.

"Karanta min rubutun jiya," Baba ya ce, ya juyo min da kwamfutar.

"Baba, ai ni na buga shi."

"Na sani. Karanta."

"Duka?"

"Kina sauri ne? Akwai bidiyon da ke jiranki?"

Yaya ya yi wani guntun tari. Ban kalle shi ba.

Na fara karantawa. Rubutu ne a kan masu kawo agogo su ce "yanzu-yanzu nake so", da yadda mai sana'a kan yi wa na waje gudu ya bar na gida. Na san shi kamar tafin hannuna. Na wuce sakin layi na ɗaya, na biyu, na uku, ina jiran in iso wurin da ya sa na yi kuka ranar Laraba lokacin da nake bugawa.

Sai na ga na iso ƙarshe.

Na koma sama. Na sake saukowa a hankali. Babu shi.

"Me kike nema?" Baba ya tambaya.

"Babu komai."

"To sauka ƙasa. Karanta min abin da mutanena suka ce."

Mutanena. Haka yake kiran su.

"Malamar Firamare ta ce, Allah ya ƙara basira, Malam, zan karanta wa abokan aikina."

"Madalla da ita. Sai wa?"

"Mai Ɗinki ya ce, wannan da mu kake, Malam, rigar ɗana wata biyu tana kan keke."

"Ya iya barkwanci, Mai Ɗinki. Sai wa?"

Na kawar da ido daga allon.

"Sai wa, Auta?"

"Tsohon Direba."

"Me abokina ya ce?"

Haruffan suna gabana ɓaro-ɓaro. Ni na rubuta su tun daren Laraba na ajiye a waya, jiya da safe na manna su ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, ko buɗe rubutun ban yi ba.

"Ya ce... Malam, labarin agogon uwargida ya sa ni hawaye. Minti goma kacal. Allah ya jiƙanta."

Agogunan bango bakwai ne a ɗakin. Ban taɓa sanin suna da ƙara haka ba.

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Ranar Alhamis na kasa sukuni," ya ce. "Na ce wannan maganar tsakanina da mamanku ce, ba ta kasuwa ba ce. Na kira ki sau huɗu, wayarki a kashe."

"Ina wurin ɗaukar bidiyo, Baba."

"Sai na kira yayanki. Ashe bai manta lambar sirrin ba. Ya shiga ya cire min wurin tun kafin rubutun ya fita."

Ya nuna allon da ɗan sukudireba.

"Mutum uku ne a duniya suka ga wannan sakin layin. Ni da na rubuta. Shi da ya cire. Ke da kika buga. To Tsohon Direba a ina ya gani?"

Abin da ya rubuta a wurin, ga shi. Shekara biyu Mama tana roƙon Baba ya duba mata agogon hannunta da ya tsaya, yana cewa gobe. Ya gyara na direbobi, na malamai, na mutanen da ko sunansu bai sani ba. Har ta rasu agogon yana cikin durowarsa. Kwana uku bayan rasuwar ya buɗe shi, ya tarar datti ne kawai ya riƙe wani ɗan haƙori. Minti goma ya ɗauke shi.

"Wataƙila..." na fara.

"Auta." Yaya ne, karo na farko da ya buɗe baki. "Kada ki ƙara wata a kan wata."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sha ji, amma ban san haka yake da matsi ba sai da na iso ƙarshensa.

"Ni ce, Baba."

"Ke ce wa?"

"Tsohon Direba."

"Malamar fa?"

"Ni ce."

"Mai Ɗinki?"

Na gyaɗa kai.

"Da baki nake so."

"Ni ce, Baba. Duka ni ce."

Na zaci zai yi faɗa. Wallahi da ya yi, da ya ɗauki wani abu ya jefe ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ya jingina da kujera yana kallon silin.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku." Ya maimaita a hankali. "Duk Lahadi in zauna nan, in ce miki rubuta wa Mai Ɗinki amsa, ki rubuta. In ce gaya wa Malama na gode, ki buga. Ashe ke da kanki kike gaisawa, ni ina tsakiya kamar sakarai."

"Ba haka ba ne, Baba."

"To yaya ne?"

"Na ga kana buɗewa ba kowa. Na ga ka daina cin abinci da kyau. Na ce bari in yi sau ɗaya."

"Sau ɗaya."

"Sai ka yi murna. Har ka kira Yaya ka karanta masa. Sai na kasa dainawa."

Ya juya ya kalli Yaya. "Ka tuna?"

"Na tuna, Baba."

"Matar Tsohon Direba fa?" Ya dawo da idonsa kaina. "Mai ciwon ƙoda."

Nan ne na so ƙasa ta tsage in shige. Akwai wani mako da aiki ya sha kaina, na manta ban sa sharhin Tsohon Direba ba sai Talata. Baba ya damu, yana ta tambaya ko lafiya. Don in rufe, sai na rubuta cewa matarsa ce aka kwantar a asibiti. Da na ga abin ya karɓu, duk sanda na makara sai in tayar mata da ciwon.

"Babu ita," na ce.

"Wata takwas," Baba ya ce. "Wata takwas ban ɗaga hannu na yi addu'a ba sai na sa matar nan. Bayan mamanku, ita. Har na tambayi likitan da ke kawo min agogo irin abincin da ya kamata ta guje wa, na ce ki tura masa. Kin tura?"

Hawaye suka zubo min.

"Ina tambaya. Kin tura wa wa?"

"Ka yafe min, Baba."

"Ba wannan na tambaya ba."

Ya jawo durowar hagu ya fito da wata jakar takardu mai ruwan ƙasa. Na san ta. Ni nake zuwa shagon buga takardu in fitar masa da sharhin da ya fi so, ya jera a ciki.

"Wannan na kai wa abokina mai gyaran rediyo," ya ce. "Ranar da ya ce min zamanin dogon rubutu ya wuce, yanzu duniya ta koma layi uku da hoto. Na buɗe masa na ce karanta, mai abin faɗi ba ya rasa mai ji. Har na ce masa jahili a gaban mutane. Shekara talatin muna tare, wata biyu bai yi min magana ba."

Ya ajiye jakar a hankali.

"Da wace fuska zan kalle shi?"

Ban taɓa ganin kunya a fuskar Baba ba sai ranar. Mutumin da ko bashin gaisuwa ba ya ci, shi ne ya kasa haɗa ido da 'ya'yansa, kuma ni na jawo masa.

"Amma tsaya," ya ce can. "Tsohon Direba ya girmi ƙaryarki. Tun shekarar farko yake rubuto min, kina makarantar sakandare. Shi ne ya taɓa gyara min kuskure a kan agogon mota."

"Na farkon na gaske ne. Da ya daina zuwa sai na ari sunan."

"Ina yake yanzu?"

"Ban sani ba."

Jama'a, wannan ma ƙarya ce, kuma ta fito ne tun kafin in yi shawara da zuciyata. Na san inda yake sarai. Amma in na faɗa, sai na buɗe ɗaya tukunyar, wadda ta fi wannan wari.

Baba ya juya wurin Yaya. "Ka ce akwai inda ake ganin adadin masu shigowa. Kullum in na tambayi wannan sai ta ce min ɗari biyu, ɗari uku. Buɗe min na gani da idona."

"Baba, a bar shi mana," in ji Yaya.

"Buɗe."

Yaya ya matso ya danna nan ya danna can. Ya tsaya.

"Nawa?"

"Na makon jiya... huɗu."

"Ɗari huɗu?"

"Huɗu, Baba. Uku daga gidan nan. Ɗaya ina jin ni ne."

Baba ya yi dariya. Wata irin dariya ce marar sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Ya ɗauki shayin da ya riga ya huce ya kurɓa, ya ajiye.

"To, alhamdu lillahi. Ciwon da aka gano ai ya fi wanda ake ta shafa wa mai." Ya kalle ni, kuma abin da na gani a idonsa ya fi mari zafi, don tausayi ne. "Share hawayenki, Auta. Kin yi wauta, amma don ni kika yi. Yarinya ta ga ubanta yana magana shi kaɗai a ɗaki, ta shigo ta riƙa amsa masa da murya uku. Allah ya yi miki albarka."

"Baba, kada ka sa min albarka."

"Na riga na sa. Laifin ba naki ba ne, ba na kowa ba ne. Mai rediyo ya fi ni gaskiya. Mutane sun tashi daga inda nake, ni ban ji tashinsu ba. Kin ce min in bi su can kafafen sada zumunta tun tuni, na ce ni ban iya faɗin magana a layi uku ba. Har yanzu ban iya ba."

Ya rufe littafin rubutunsa, ya ɗora hular biro a kan biron.

"Babu mai son abin da nake rubutawa. Shi ke nan, ba a dole. Kai, nuna min inda ake gogewa."

Yaya ya ɗago da sauri. "Goge me?"

"Shafin. Duka."

"Baba, rubutu sama da ɗari shida ne!"

"Na fi ka sanin adadinsu. In shago ba ciniki rufe shi ake yi, ba a barin fitila tana ci."

"A bar shi kawai mana, ko ba ka ƙara ba. Me zai ci maka?"

"Zai ci min. Duk Asabar zan ji hannuna yana ƙaiƙayi. Nuna min, ko in kira wani ya nuna min."

Duk wanda ya san Baba ya san in ya ce "ko in kira wani", magana ta ƙare. Yaya ya ja dogon numfashi ya shiga danne-danne. Wani jan akwati ya fito a tsakiyar allon, da tambaya a ciki: ka tabbata kana so ka goge wannan shafin gaba ɗaya? Ba za a iya dawo da shi ba.

"Ba ni minti ɗaya, Baba," in ji Yaya. Ya koma kujerarsa ya zaro waya.

Tawa ta yi motsi a cinyata.

Na duba a sace. Saƙo ne daga Yaya, mutumin da ke zaune taku uku daga inda nake. Hoton bidiyona ne na ranar Juma'a, a ƙasa ya rubuta: "Matata ta turo min jiya tana kuka, wai ƙanwata ta iya magana. Ki faɗa masa da bakinki, ko in kunna masa da hannuna."

Na ɗago. Yaya bai ko ƙifta ba.

To, ga ɗaya tukunyar.

Ina da shafi a kafar sada zumunta, Zancen Zuci, mabiya dubu ɗari biyu da 'yan kai. Baba ya san ina "bidiyo", iyakar saninsa ke nan, a zatonsa kwalliya nake koyarwa. Da kwalliyar na fara, gaskiya, wata shida ba wanda ya kula ni. Ranar da na rasa abin sawa, na buɗe tsohon rubutun Baba na yanko layi biyar, na karanta a gaban kyamara kamar daga kaina suka fito. Kafin gari ya waye mutum dubu tara sun gani.

Tun daga nan nake yanka. In ɗauki rubutun da ya kwana uku yana tufka, in fitar da tsokar in yar da sauran, in sa kiɗa mai taushi a ƙasa. Ana ce min mai hikima. Ana gayyata ta taro in yi wa matasa magana. Ban taɓa ambaton Teburin Mai Agogo ba ko da kuskure, don duk wanda ya je can zai ga gonar da nake sata.

Tsohon Direba na gaske kuwa, cikin mabiyana na tsince shi. Wata rana ya rubuta a ƙarƙashin bidiyona: "'Yata, wannan ya yi kama da maganar wani dattijo mai agogo da nake karantawa a da." Cikin minti ɗaya na goge sharhin na toshe shi.

Wato ni na kwashe wa Baba masu karatu na gaske, na ba shi na roba ya riƙa wasa da su. Kuma yanzu ya gama sa min albarka.

In na yi shiru, zai danna jan akwatin nan ya tashi yana ganin rubutunsa ba shi da amfani, har ya koma ga Allah da wannan a ransa. In na yi magana, zai san abin da ya haifa.

"Wanne zan danna?" Baba ya tambaya, ya matso da fuska kusa da allon. "Wannan na dama?"

"Baba, tsaya!"

Ya juyo.

"Ana karanta ka."

"Auta, ya isa haka. Na ce na yafe."

"Wallahi ana karanta ka. Ba a nan ba. Mutane dubbai."

"Wace sabuwar ƙarya ce kuma wannan?"

"Wannan ba ƙarya ba ce. Ita ce ma gaskiyar da ta fi ƙaryar muni."

Na durƙusa a gefen kujerarsa. Na buɗe shafina, na gangara ƙasa can, na nemo wani tsohon bidiyo marar haɗari, na miƙa masa wayar.

Ya riƙe ta nesa da fuska yadda tsofaffi ke yi. Muryata ta fito: "Agogon da ya tsaya ya fi wanda ke gudu ba daidai ba, don shi ba ya yaudarar kowa..."

Girar Baba ta haɗe.

"Wannan ai nawa ne. Na shekarar da aka yi mana gyaran rufi."

"Naka ne."

"Wannan lambar ta ƙasa fa?"

"Waɗanda suka kalla ne."

Ya matso da wayar, ya sa yatsa yana bin lambar. "Dubu tamanin da huɗu?"

"E."

"Mutane? Masu rai?"

"Masu rai, Baba."

"Ba ke ba ce?"

"Ba ni ba ce."

Allah ya gani, na ga fuskar Baba ta buɗe. Na ga abin da na shekara uku ina ƙoƙarin saya masa da ƙarya ya zo da kansa. Ya shiga karanta sharhin yana motsa leɓe, ɗaya bayan ɗaya, har ya ce wa Yaya, "Kai, zo ka ga, wannan daga wata ƙasa yake rubutowa."

Sai leɓen suka rage sauri.

"Allah ya ƙara miki basira," ya karanta a fili. Ya wuce. "Yarinya da kan manya." Ya wuce. "Anti, a ina kike samo irin waɗannan maganganu?" Ya tsaya. "Kin ba shi amsa. Kin ce, daga zuciya."

Ya ɗago ya kalle ni.

"Ina sunana?"

"Babu."

"A wannan ne babu, ko a duka?"

"A duka."

"Guda nawa ne?"

"Sun fi ɗari uku."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa abin da ke damun agogo. Sai na ga babban yatsansa ya hau allon yana turawa, bidiyoyin suna gudu zuwa sababbi. Ban san ya iya ba. Ashe kallona yake yi duk shekarun nan.

"Baba, kawo in nuna maka wani..."

"Bar ni."

"Don Allah, Baba, ban da na saman."

"Auta," in ji Yaya, "bar shi."

Ya iso na ranar Juma'a. Wanda ban iya jira ya fita a bulog ba saboda daɗinsa, na ɗauka tun ranar Alhamis, ranar da Baba ke ta kira wayata a kashe. Mutum dubu ɗari tara sun kalla cikin kwana biyu. Ban taɓa samun irinsa ba.

Ya danna.

Ga ni nan a allo, ba kwalliya, ido jajir, na ɗaga hannu saitin kyamara. A wuyan hannun akwai ɗan ƙaramin agogo mai ruwan azurfa.

Baba ya kalli allon. Ya kalli durowar dama, inda yake ajiye agogon Mama, wadda mukullinta ke rataye bayan agogon bango na uku. Ya sake kallon allon.

Muryata ta cika ɗakin, tana rawa daidai inda na shirya ta yi rawa.

"Shekara biyu mahaifiyata tana roƙona in kai mata agogon nan gyara, ina cewa gobe. Har ta rasu. Da na kai, mai gyara ya ce datti ne kawai. Minti goma ya ɗauke shi. Jama'a, minti goma..."

Bai tsayar ba. Ya bari ya kai ƙarshe, har inda na share hawaye na ce a danna alamar zuciya in an ji saƙon. Bidiyon ya koma farko da kansa, na sake fara kuka. Sai a lokacin ya kife wayar a kan tebur, amma muryata ba ta daina fitowa daga ƙarƙashi ba.

"Baba..."

"Maganganuna da kika ɗauka, na ce to, ɗa ai magajin uba ne." Muryarsa ba ta ɗaga ba ko kaɗan. "Masu karatuna da kika ɗauka, na ce to, dama sun tashi."

Ya cire tabarau. Wannan karon bai goge ba.

"Abu ɗaya na ce a bar min tsakanina da matata. Shekara biyar ina ɗauke da shi, ko ku ban gaya wa ba sai da hannuna ya kufce ya rubuta. Laifina ne, Auta. Nawa ne, ni na yi mata. Ashe har shi ma kin ɗauka kin kai kasuwa?"



Baba ya jawo kwamfutar gabansa. Jan akwatin yana nan yana jira.

"Baba, don girman Allah!" Yaya ya miƙe tsaye.

"Zauna," in ji Baba, ya ɗora yatsa a kan madannin.